Kan Robar da Ya Fara Gashi

Ni matsoraciya ce, amma bakina bai sani ba. Tun muna yara a Tarai, in za a yanka kaza nakan shige ɗaki in toshe kunnuwa, in an dafa kuma in riga kowa miƙa hannu. Da na girma sai tsiwa ta rufa mini asiri, har mutane suke ɗauka ba abin da yake girgiza ni. Mutum ɗaya ce ta san ni ciki da bai, ita ce yayata, wadda ta goya ni tun Inna tana da rai, ta kuma ci gaba da riƙona bayan Inna ta rasu. Ban taɓa kama sunanta ba. Yaya nake ce mata, ita kuma Auta take ce mini har bayan na tara 'ya'ya.

Aure ya kawo ni Rano, ita kuwa a nan Tarai aka yi nata, gidan wani manomi mai sanyin hali wanda maganarsa ta yini guda ba ta cika cokali. Sana'ata kitso. Ita ɗinkin hijabi da hulunan mata take yi, in ana biki kuma ta ɗaura wa amare ɗankwali. Allah ya ba ta gashi irin na kakarmu Bafulatana, baƙi wuluk, mai laushi, in an tsefe shi har gadon bayanta yake sauka. Ni ko rabinsa ban samu ba, kuma har yau ina jin haushin wannan rabon. Yaranta duk maza ne, saboda haka tun ina budurwa ba mai taɓa kan Yaya sai ni. Da kitson ya tsufa sai in ji waya: "Auta, kaina ya zama sheƙar kaza. Za ki zo ne, ko sai na aiko miki da mota?" Sai in ƙulle mataji da man kitso a leda, in hau babur ta hanyar Kibiya. Ta zauna a tabarma, in zauna a kujera 'yar tsugunno a bayanta, mu yi gulmar dangi tun daga kan manya har jarirai.

In mun gama, ba ma tashi sai mun tsince duk silin gashin da ya zube a tabarma da wanda ya maƙale a mataji. Mu dunƙule shi, Yaya ta kai shi masai ko ta tona gindin katanga ta binne. Haka Inna ta koya mana, haka kuma kowace makitsiyar kirki take yi. Ba a barin gashin mutum a fili. Wasu sun ce in tsuntsu ya yi sheƙa da shi, ciwon kai ba zai bar mai shi ba. Wasu sun ce da shi maƙiyi yake haɗa sammu. Ni ban taɓa tsayawa tantance wanne ne gaskiya ba, na dai yarda da duka biyun.

A ɗakin Yaya, a saman kabad, akwai kawunan roba a jere, irin waɗanda masu sayar da hijabi suke ɗora kaya a kai. A kansu take gwada ɗauri da sababbin huluna. Suna da ido da hanci da jan baki, suna ma da gashi, amma gashin tare da robar aka zubo shi. Tudu ne kawai da 'yan layuka aka shafa masa baƙin fenti, in ka ƙwanƙwasa shi ka ji ƙwas kamar murfin bokiti. Ko ni ba sa ba ni tsoro. Irin wannan gashin ba ya yaudarar kowa, daga nesa ka san abin da kake kallo. In lokacin salla ya yi, Yaya takan yafa musu wani tsohon mayafi, domin kawunmu, ƙanin Inna, malami ne, kuma ya sha yi mata faɗa a kan ajiye masu fuska a ɗakin da ake salla.

Ɗaya daga cikinsu daban yake. Robarsa mai taushi ce, kalarta ta fi kusa da fatar mutum. Irin wanda ake koyon kitso a kai ne, amma gashin kantin da aka dasa masa ya tsige ƙarƙaf tun kafin ya zo hannunta, sai 'yan ƙananan ramuka layi-layi kamar gonar da aka yi wa saran shuka. Wani ɗan kasuwa a Kano ne ya ba ta shi gyara da ta sayi sauran. Mai Sanƙo muke ce masa, muna yi masa dariya.

Farkon wata damina ne wayar Yaya ta daina zuwa. Na jira, na gaji, na kira ta. Ta ce kanta ne yake ciwo, in bari sai wani satin. Wani satin ya zo ta ce baƙi ta yi. Da uzuri ya yi yawa sai raina ya ɓaci, na hau babur ba tare da na gaya mata ba.

Na same ta a kan keken ɗinki. Ta rame, wuyanta ya fito, ta ja ɗankwali har bisa gira, ga kuma hula a ƙarƙashinsa, alhali ana zafin da ke zuwa kafin hadari. Ban ko zauna ba na fara.

"Yaya, in kin samu wata makitsiyar ne ki gaya mini, ba sai kin riƙa yi mini kwana-kwana ba. Wace ce? 'Yar gidan wa ce?"

Ta yi dariya har da tari. "Zauna, sarauniyar faɗa. Wa zai iya da wannan kan in ba ke ba? Fatar kan ce ba ta son a taɓa ta kwanan nan. Zazzaɓi ne ya sa ni gaba."

Na zauna ina ƙunƙuni. Ina ɗaga ido sai na ga Mai Sanƙo. An juya fuskarsa bango, kuma a ƙeyarsa akwai gashi. Ba shi da yawa, layuka kaɗan ne daga ƙasa, amma dogo ne, har ya zubo ta bakin kabad.

Na ce, "Wannan fa?"

Ba ta ɗago daga ɗinkinta ba. "Gwaji nake yi. Gashin doki ne."

Gashin doki shi ne sunan da muke kiran gashin kanti da ake ƙara wa kitso, kuma kusan kullum yana hannuna. Yana ƙyalli, yana da tauri, in ka sake shi sai ya tsaya yadda ka bar shi. Wannan na saman kabad ba ya ƙyalli. Iskar hadari ta shigo ta taga, labule ya ɗaga, sai na ga gashin ya motsa sili-sili, ya koma ya kwanta. Gashin mutum ne, ko a mafarki aka nuna mini zan gane. Ban iya cin abincin da ta zuba mini ba.

Daga ranar na riƙa zuwa Tarai ba tare da an kira ni ba. Abin da na lura da shi shi ne ya hana ni sukuni. Duk zuwan da zan yi, sai in tarar gashin Mai Sanƙo ya ƙaru, Yaya kuma ta ragu. Ya tashi daga ƙeya ya kai saitin kunnuwa, ita kuma zobenta ya fara faɗuwa daga yatsa. Ya hau tsakiyar kai, ita kuma farcenta ya yi baƙi, tafin hannunta ya dushe, ko ƙamshin miya ta ji sai amai. Ta kuma tsiri zuwa Kano a kai a kai, ita da mijinta, wai saro yadi, amma ni ban ga sabon yadi a ɗakin ba.

Na tare mijin nata a zaure wata rana yana gyara ƙotar fartanya. Na ce, "Malam, don girman Allah me yake damun Yaya?"

Ya ce, "Ana magani. A dai taya mu da addu'a."

"Maganin me?"

Ya ci gaba da kallon fartanyarsa kamar ita ta yi tambayar. Na tsaya har na gaji, na shige ciki ina ji kamar in ƙwace ta in jefa a rijiya.

Tun da ba wanda zai gaya mini, sai na haɗa lissafina ni kaɗai, kuma duk macen da ta tashi inda na tashi haka za ta haɗa shi. Ga gashin mutum a jikin abu mai fuska. Ga mai ɗakin tana ƙarewa. Ga shi kyauta aka ba ta, kuma yaushe ɗan kasuwa ya fara kyauta don Allah? Na ce jifa ce aka yi wa Yaya, a cikin kan nan aka sako ta, ko kuma mutanen ɓoye ne suka samu wurin zama. Shi yana cika, ita tana zubewa. Na kuma ƙudurta a raina cewa ranar da gashin ya rufe goshi, ranar zan rasa yayata.

Tsoron ya bi ni har Rano. Mace za ta zauna a gabana ta ba ni ƙeya, sai in ji gabana ya faɗi kafin in sa hannu. Na yi wa wata amarya shuku, tsagar ta karkace, uwarta ta ce ko idona ya fara dushewa ne. Wata rana kuma a ɗakin Yaya ina sallar azahar, na yi sallama ta hagu, sai na ga mayafin ya zame daga kan Mai Sanƙo. Sauran kawunan suna nan ƙiƙam da fentinsu. Shi kaɗai ne gashinsa yake lilo a hankali, alhali ni ban ji iska ba. Na fito tsakar gida da dardumata a hannu, na sake sallar a rana.

Da abin ya fi ƙarfina sai na tafi Rurum Tsohon Gari wurin Kawu. Na same shi a zaurensa, ya sallami ɗalibai, yana wanke alluna. Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe komai na gaya masa, ina yi ina share hawaye da bakin mayafi. Ya saurare ni har na kai aya.

Ya ce, "Kin tambaye ta?"

"Na tambaya, Kawu. Ta ce gashin doki ne."

"To ki koma ki sake tambayarta, a hankali, ba da wannan bakin naki ba."

Na ce, "Kawu, mutum yana mutuwa kana cewa in yi tambaya?"

Bai yi fushi ba, ya saba da ni. Ya ce in dai gashin ɗan Adam ne, yana da alfarma, ba a wasa da shi, ba a ƙona shi, binne shi ake yi. Ya ce amma kada in kuskura in ɗora wa wani laifin abin da ban gani da idona ba. Ya ba ni rubutun sha a gora biyu, ya ce ƙaramar ta Yaya ce, babbar tawa ce, don ni na fi ta buƙata. Na karɓa na yi godiya. A cikin duk maganganunsa guda ɗaya na ɗauka na riƙe, wato binnewa.

Na bari sai ranar da na san sun tafi Kano. Gero ya fara fitar da kai a lokacin, hanya duk kore. Na isa Tarai rana tana tsaka, don ko da kuɗi ba zan shiga ɗakin nan da duhu ba. Yaran suna gona. Na ɗauki makulli a inda take ajiye shi, na ɗauko fartanya, na fara tona rami a bayan ɗaki kusa da katanga, inda ƙasa take da laushi. Sannan na buɗe ƙofa da taga duka, na karanta Ayatul Kursiyyu, na sake karantawa don ban tabbata na farkon ya fita daidai ba. Na jawo kujera na taka.

Gashin ya rufe ko'ina, saura ɗan fili a gaban goshi wanda bai fi faɗin yatsu uku ba. Na rufe ido na cafko Mai Sanƙo ta wuya. Ba shi da nauyi ko kaɗan, amma gashin ya zubo mini a hannu har gwiwar hannu, mai sanyi, mai laushi. Na sauko da ƙyar na zube a bakin gado, kan yana cinyata.

Niyyata in tura shi a buhu ba tare da na kalla ba. Amma hannun makitsiya ba ya shawara da mai shi. Kafin in ankara yatsuna sun shiga ciki sun tsaga shi biyu, kuma a nan take suka gaya mini abin da idona ya yi watanni yana ƙin gani. Na san wannan gashin. Na san yadda yake zamewa in ba a riƙe shi da kyau ba, na san ƙamshin man kaɗe da kanumfari da ake shafa masa. Na juya kan ta hagu. Yaya tana da wani ɗan tsiri na furfura a saman kunnen hagu tun haihuwarta ta fari, wanda kullum take cewa in ɓoye mata shi a cikin kitso. Ga shi nan, a saman kunnen hagu na roba, an dasa shi daidai wurinsa.

Na kifa kan na leƙa ta ramin wuya. Ciki fanko ne, kuma cike yake da ƙulli. Kowane ɗan tsiri an ninka shi, an zura shi ta rami da allura, an ɗaure shi ta ciki da baƙin zare. Ƙullin ma na san shi, irin wanda Yaya take rufe ɗinki da shi ne, sau biyu sannan ta ja wutsiyar ta koma ciki. Ba wani ɗan kasuwa, ba wani maƙiyi. Da hannunta take cire gashin kanta tana ba wannan abin.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Na ce lallai abin da ya kama ta ya kai inda yake sa ta aiki. Ga rami na tona a bayan ɗaki. In na binne wannan, Yaya na binne da hannuna. In na mayar da shi saman kabad, za ta cike goshin. Na kasa tashi, na kasa ajiye shi, na kasa ko kuka. Ina jin awaki suna cin wani abu a tsakar gida, ina jin masu tallan gyaɗa suna wucewa, ni kuwa ina zaune da kan yayata a cinya har inuwa ta juya.

A haka suka same ni. Mijin ne ya fara shigowa yana riƙe da hannunta, ita kuma tana takawa kamar mai tsoron ƙasa, da filasta a bayan hannunta. Ta dube ni, ta dubi abin da ke cinyata, ta dubi buhun da ƙasar da ke ƙafata.

Ta ce, "Malam, ɗan ba mu wuri."

Ya fita. Ta zauna kusa da ni tana mayar da numfashi. Ta ce, "Auta, sata kika fara?"

Na ce, "Yaya, wa ya yi miki wannan? Ki gaya mini ko wane ne. Na je wurin Kawu, ga rubutu na kawo, za a karya shi da yardar Allah."

Ta sa hannu ta kwance ɗankwalin, ta zare hular. Na yi shekaru ina bin kan nan da yatsuna, na san kowane tudu da kwarinsa, amma ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Babu ko sili ɗaya. Ya yi ƙanƙanta, ya yi fari, jijiyoyi sun fito a gefe. Sai a lokacin na lura ko girar da take ja wa ɗankwali babu ita. Na ƙwalla ƙara, ta sa tafin hannu ta rufe mini baki kamar yadda take yi mini muna yara.

"Za ki tara mini unguwa. Ba wanda ya yi mini komai. Ciwon daji ne, a mama. Maganin da suke sa mini a ruwa a asibiti shi yake zubar da gashin. Sun gaya mini tun kafin a fara."

Na ture hannunta. "Tun yaushe?"

"Tun kafin ruwan farko."

"Kuma kika ɓoye mini? Ni? Ina zuwa ina komawa kamar mahaukaciya, kina ce mini zazzaɓi?"

"Ke da ko kan roba ya hana ki salla a ɗaki? Na gan ki ranar nan a rana da darduma. Na ce in bari in ga yadda maganin zai yi, in ya so in ba ki labari bayan ya wuce, ki yi faɗanki ki gama."

Na yi faɗan kuwa, ina yi ina kuka, har majina. Ta bar ni na yi mai isata. Da na lafa sai na nuna mata abin da ke cinyata, na ce to wannan haukan fa na mene ne.

Ta karɓe shi, ta shafa gashin ta gyara masa kwanciya. Ta ce, "Ranar da ya fara zuba, da safe na ga rabin kalabar da kika yi mini a kan matashi. Na dunƙule na nufi masai, na kasa jefawa. Na koma gindin katanga na fara tonawa, sai na ga kamar nawa ramin nake tonawa. Kullum in tona in binne wani yanki nawa, har yaushe? Shi ne na wanke shi na ajiye. Rannan ina kallon Mai Sanƙo, na ce kai kana da ramuka ba gashi, ni ina da gashi ba wurin sawa." Ta yi ɗan murmushi. "In na dawo daga Kano ba na iya ɗinki, ba na iya barci. Sai in zauna in yi layi ɗaya. In na ɗaga ido na gan shi a tsaye, sai in ji ban tafi duka ba."

Ya kamata a ce hankalina ya kwanta, tun da babu aljani babu maƙiyi. Bai kwanta ba. Da sammu ne, na san ƙofofin da zan buga, na san wanda zan tsine wa. Wannan kuwa ba shi da mai shi. Tsoron da na zo da shi ashe ƙarami ne, mai hannu da ƙafa, wanda za a iya sawa a buhu.

Ta jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Sauran gashin ne a ciki, na gaban goshi, a naɗe cikin ƙyalle. Ta ce, "Yatsuna sun mutu, ba na jin allura yanzu. Tun da kin gani, ki ƙarasa mini."

Na ce, "Wallahi ba zan yi ba."

"Don me?"

Na gaya mata abin da na ƙudurta, cewa ranar da goshin ya cika ranar za ta tafi. Na san shirme ne, na san yanzu ba shi da tushe, amma ya riga ya zauna mini. Na zaci za ta yi mini dariya. Sai ta rufe gwangwanin ta mayar ƙarƙashin gado.

Ta ce, "To a bar shi haka. Amma ki yi masa kitso, ya yi wata nawa a tsefe kamar na mai takaba."

Ta riƙe shi ta wuya a tsakanin gwiwoyinta, na durƙusa na yi masa kalaba manya-manya, na ɓoye furfurar a ciki. Mijinta ya mayar da ƙasar ramin da na tona, bai taɓa tambayata ko na mene ne ba.

Yaya ta ga kaka, ta ci sabon gero. Aka yi mata aiki, aka gama maganin, har wani ɗan gashi ya fara tsiro mata, laushi-laushi kamar na jariri. Na koma zuwa Tarai da mataji a leda kamar da, in tsefe wa kan roba in sake masa wani, ita tana gefe tana gyara mini tsaga, wai hannuna ya lalace. Duk zuwan da zan yi sai na saci kallon goshin, in ga filin nan yana nan, sannan in iya zama. Ban taɓa daina jin faɗuwar gaba in na shiga ɗakin ba. Kafin wata daminar ciwon ya dawo, kuma wannan karon bai tsaya jiran kowa ba. Goshin yana nan a buɗe yadda muka bar shi, ta rasu wata safiya bayan an idar da salla.

Ni da wata dattijuwa mai wankan gawa a unguwar muka shiga yi mata wanka. Ni da ba na iya kallon yankan kaza, ban san inda na samu ƙafafun tsayawa ba. Da muka zo kai, dattijuwar ta shafa ɗan gashin da ya tsiro, ta ce a hankali, "Allah sarki. Mace akan kitse mata gashi gida uku a kwantar mata a baya. Wannan babu abin kamawa."

Na ce, "Baba, ɗan dakata mini."

Na fito na aika a kira mini Kawu daga cikin maza. Ya zo bakin zaure, na tsaya daga ciki na gaya masa ko gashin wane ne a kan robar nan, na tambaye shi ko ya halatta. Ya ce, "Nata ne, jikinta ne. A sa mata a likkafani. Amma ki hanzarta, an gama haƙa."

Na sauko da kan, na tsefe kalabar, na kifa shi, na zura reza ta ramin wuya ina yanke ƙullin da ta yi wata da watanni tana ɗaurawa. Gashin ya riƙa biyo hannuna tsiri-tsiri ba gardama. Na jawo gwangwanin na haɗa da na goshin. Ba fatar da zan kama, sai na sa dattijuwar ta riƙe mini bakin, na raba shi uku na kitsa, ban tsaya ɓoye furfurar ba. Ina yi ina jin tsoron kada in gama, don na san daga wannan babu wani.

Dattijuwar ta ɗaga mini kan Yaya, na shimfiɗa kitson guda uku a ƙarƙashin ƙeyarta, na gyara su yadda ba za su tokare mata wuya ba. Sai muka ji sallama daga zaure, an ce an kawo makara, maza suna jira.